Kawuna da Shingen Hanyar Maraɗi

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya koma wata Laraba cikin tsakiyar bazara. An yi zaman makoki a ƙofar gidansa da ke Dakoro, kuma tun da nake ban taɓa ganin makokin da aka yi gardama a cikinsa kamar wannan ba.

Direbobi ne suka fara cika wurin. Sun jera manyan motocinsu tun daga bakin tasha, suka sauko da faratansu masu baƙin mai, suka baje bisa tabarmi. Ni ina cikin gida wajen mata, amma katangar Kawu gajeriya ce, duk abin da aka faɗa a waje sai ya tsallako. Wani tsohon direba, abokinsa tun suna samari, ya yi ta goge ido da bakin rawani yana cewa, "An tahi da na ƙarshe. Wallahi bayan shi babu sauran mai tsayawa." Wani kuma da bai san muna ji ba ya ce, "Allah shi jiƙan shi, amma taurin kai gare shi. Sau nawa ya sa munka wuni da yunwa bisa hanya?" Aka ce masa ya yi shiru, gidan mutuwa ne. Ya ce ai mamacin da kansa ba ya son a rufe gaskiya. Nan musu ya kaure, sai da liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha sannan wurin ya lafa.

A cikin gida matar Kawu tana kuka tana dariya. Ta ce, "Ko gishiri na cika ma miya na ce ban cika ba, ba ya hwaɗa. Hannu yake cirewa daga kwano shi zauna, sai na amsa da bakina sannan shi ci." Mata suka yi dariya, suka koma kuka.

Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ba ta yi kuka mai sauti ba. Tana zaune idonta a ƙofar zaure, inda ake hango Baba, mahaifina, yana karɓar gaisuwa, ba ya cewa komai sai "amin". Duk macen da ta durƙusa gaban Inna, in ta gama yi mata ya haƙuri, sai ta rage murya ta yi ta kewaye-kewaye. Wata tsohuwa ce ta fito da abin fili: "Tau, mun ga mijinki shi ya taho da gawa daga Maraɗi. Amma ya yahe mishi?" Inna ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya ta faɗa. Shekaru masu yawa Baba da Kawu ba sa ga maciji, garin nan kaf ya sani, kuma babu abin da Inna ke tsoro irin a ce yayanta ya kwanta kabari da haƙƙin mijinta a wuyansa.

Ni ce na yi jinyarsa, domin a Maraɗi nake koyarwa. Ina rubuta wannan ne saboda na san halin garinmu. Nan da 'yan shekaru, in aka ambaci Kawu, abin da zai rage shi ne "direban nan da ya kashe ragunan mijin ƙanwarsa". Hakan ya faru, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi ke nan ba, kuma waɗanda suka fi shi laifi har yau suna zaune a inuwa da usur rataye a wuya.

Tsohuwar kamiyo gare shi, babbar mota mai bodin katako, wadda yake lallaɓawa kamar tsohuwar uwa. Gero da wake yake kwasowa daga kasuwannin Mai Yara da Korahane ya kai Maraɗi, ya dawo da siminti da gishiri da shinkafa. Ba a taɓa yin direba mai nawa irinsa ba. 'Yan tasha sukan ce in ka ba Kawu saƙon goron suna, sai an yaye yaron zai iso. Sukan rantse amalanken jaki ya taɓa wuce shi, mai amalanken ya ɗaga masa hannu. Shi ko a jikinsa. Amsarsa ɗaya ce: "Mai kaya gero ya ce in kai mishi, bai ce in kai mishi gawata ba." Ko bayan an zuba wa hanyar kwalta, samari suka fara tashi sama, Kawu bai ƙara komai a kan tafiyarsa ba.

Kada a ɗauka yana ƙin masu tsaron hanya ne. Ya kwashi gawarwaki a bakin hanyar nan da hannunsa, ya san abin da gudu ke yi wa ɗan Adam. In ya wuce inda aka laɓe ana tare motoci, yakan ƙyafta wa direbobin da ke tahowa fitila, kamar yadda kowa ke yi, amma in sun haɗu a tasha sai ya wanke su tas: "Na kunna muku wuta don ku rage gudu, ba don ku wuce su ku ƙara ba." Yakan ce in da aikin da aka turo su suke yi, da shi ne zai riƙa kai musu ruwan sanyi. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a mayar da usur ƙoƙon bara.

Abin da ya fitar da sunansa kuwa shi ne zama. Na fara gani da idona lokacin ina 'yar lise, wato babbar sakandare, yana mayar da ni Maraɗi ƙarshen hutu, ina gaban mota da akwatina a cinya. Muka iso wani shinge, igiya ce da tsummoki an ɗaura jikin ganga. Aka busa usur. Wani jandarma sabon zuwa ya matso ya ce, "Papiye," wato takardu. Kawu ya miƙa masa jakar leda: permi, wato takardar izinin tuƙi, da takardun mota da na asirans, wato inshora, duk a jere. Mutumin ya juya su, ya zagaya mota, ya daki taya da takalmi, ya sa aka kunna fitilu. Bai samu komai ba.

"Tsoho, kai ba ka iya gaisuwa ba?"

"Na gaishe ka, ɗana. Ina kwana? Ina aiki? Ina mutanen gida?"

"Ba wagga gaisuwa ba."

"Ita ɗai na iya."

Jandarman ya zare permi ya sa aljihu, ya koma gindin wata aduwa ya zauna. Kowane direba ya san ma'anar wannan: ka bi shi inuwa, ku gaisa hannunka a dunƙule, ka dawo da takardarka. Kawu kuwa ya kawar da mota gefen hanya, ya sauko da tabarma da buta da gawayi da kayan shayi, ya shimfiɗa a inuwar motarsa, ya hura wuta. Da shayin farko ya nuna ya zuba a kofi, ya taka har gindin aduwar, ya miƙa wa mutumin da hannu biyu. "Shayi ina badawa," in ji shi, "kuɗɗin shayi ne ban da su."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Motoci na zuwa suna wucewa, fasinjoji na leƙenmu, ni kuma ina tsoron a rufe ƙofar makaranta ban isa ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka ba shi abin da yake so mu tahi." Ya dube ni, bai yi fushi ba. "Ɗiyata, in na yi laihi, a rubuta mani resi, takardar tara, in biya, in san asusun gwamnati sunka shiga. In ban yi ba, ga ni ga su. Gero ba ya jin ƙishirwa." Muka yi azahar a wurin. Kafin la'asar mutumin ya gaji da ganinmu, ya jefo permi ta taga, ya ce mu ɓace masa da gani.

Haka yake yi a ko'ina. Waɗanda suka daɗe a hanyar, in sun hango motarsa tun daga nesa suke sauke igiya, sun san babu abin da za a samu sai shayi. Amma ana yawan canza su, kuma duk sabon da aka kawo sai Kawu ya ɗora masa karatu daga farko.

Ba don kansa kaɗai yake zaman ba, kuma a nan ne direbobi suka rabu a kansa. In ya tarar an tsare wani, sai ya kawar da motarsa ya shimfiɗa tabarma kusa da shi, wai kada a bar mutum shi kaɗai. Akwai wanda hakan ya ceta, wani baƙon direba da aka riƙe wa takardu ba shi da ko na abinci. Kawu ya zauna da shi har aka sallame shi, ya kuma cika masa ciki. Akwai kuma wanda ya riga ya dunƙule hannu zai miƙa ya wuce, sai ga Kawu ya sauko da buta, kunya ta hana shi, ya wuni yana zagin Kawu a zuci. Har roƙonsa suke yi: "Yaya, don girman Allah wuce, ni na gama da su." Akwai kuma wata gangar ruwa da ba ta rabuwa da bayan motarsa. Ba ta injin ba ce, ta matan makiyaya ce da yake tararwa a hanya da jarkoki babu komai ciki. Bai taɓa wuce mai tafiya ƙasa cikin rana ba in dai da wurin zama.

Sai shekarar raguna. A lokacin Baba kiwon turke yake yi. Yakan sayo 'yan raguna wajen makiyayan Tagriss, ya ɗaure su a gida, mu yi ta ɗawainiyar dusa da harawa har su cika ido, in layya ta matso a kai su Maraɗi. Shekarar nan ya zuba duk abin da ya mallaka, har da na Inna a ciki. Motocin dabbobi suka yi wuya, kowa na neman su. Kawu, wanda bai saba ɗaukar dabba ba, ya ce shi zai kai, kuma ba zai karɓi komai ba. Aka gitta katako a tsakiyar bodi aka yi hawa biyu, raguna sama, raguna ƙasa. Baba ya hau bisa da sanda tare da masu rakiya.

Duk wanda ya san aikin ya san motar raguna ba ta tsayawa. In tana tafiya iska na ratsa katako. In ta tsaya cikin rana, na ƙasa ne ke fara shaƙewa. Shi ya sa direbobin dabbobi suke riƙe abin miƙawa a hannu tun kafin su iso shinge, ko injin ba sa kashewa. Kawu ya san wannan da ka, amma jikinsa gero ya saba da shi.

A lokacin ne aka fara kawo abin nan da suke kira radar, wanda ake saita mota da shi daga nesa a ce ga gudun da take yi. Da hantsi aka tsayar da su. Aka ce Kawu ya wuce ƙa'ida. Kawu! Ya ce a nuna masa. Aka nuna masa wata lamba a jikin abin, lambar da motarsa ba ta taɓa kaiwa ba ko a gangare. Wata ƙaramar mota ce ta wuce su a guje ɗazu, kowa ya gani. Ya ce to a rubuta a sa sunansa, zai je ofis ya yi bayani. Aka ce mai littafin resi ya shiga gari. Aka sa permi a aljihu. Kawu ya sauko da tabarma.

Baba ya sha ba mu labarin nan har na haddace shi. Ya ce ya diro daga mota ya durƙusa gabansa.

"Yaya, raguna ne hwa, ba gero ba. Bari ni in ba su, daga aljihuna, ba naka ba."

"In ka ba su, na amsa na yi gudu ke nan. Ban yi ba."

"Kowa ya san ba ka yi ba!"

"Tau, su ma sun sani. Yanzu za su gaji."

"Ragunan za su riga su gajiya."

"In ka miƙa musu ko dala, ka sauke ragunanka nan, ka nemi wata mota."

Wanda ba ɗan nan ba zai ce me ya hana Baba ya taka ya biya kawai. Yayan matarsa ne, ya girme shi, motarsa ce, kuma kyauta ya ɗauko shi. A wurinmu ba ka tsallake maganar irin wannan mutum a gaban jama'a. Baba ya yi ta kai da komo tsakanin mota da tabarma, kunya ta ɗaure masa ƙafa. Su kuma masu shingen sun ji kukan raguna, sun tabbata yau dai tsohon ba zai iya jira ba, sai suka gyara zama. Kowa ya kafe yana jiran ɗayan ya karye.

Wajen azahar kukan na ƙasa ya fara raguwa. Aka yi ta kwarara musu ruwan gangar har ya ƙare. Da aka ɓalle katako aka leƙa, wasu sun riga sun tafi, wasu na shure-shure. Baba ya zare wuƙa ya shiga yanka masu sauran numfashi don kada su zama mushe. Mutanen ƙauyen da ke kusa suka zo da kwanoni, aka raba nama a banza. Sai a lokacin aka miƙo wa Kawu permi. Abin da har yau in na tuna zuciyata ke tafasa shi ne, masu shingen ma sun aiko a ba su cinya, an kuma ba su.

Baba bai sake tashi ba. Daga mai raguna ya koma dillali a kasuwar dabbobi, yana riƙe igiyar ragon wani yana yabonsa. Washegarin abin Kawu ya zo gidanmu ya zauna a zaure, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ce zai sayar da motar. Baba ya ce ba motarsa yake so ba. "Ka ce ka yi kuskure, shi ke nan." Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban yi gudu ba." Baba ya miƙe ya shige gida. Maganarsu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Ba a yi zage-zage ba, da ma an yi da ya fi sauƙi. In suna ko ɗaurin aure ya haɗa su, ɗaya ya zauna gabas, ɗaya yamma. In Kawu ya ratso ta kasuwar dabbobi, Baba ya sami abin dubawa a bakin rago. Bai taɓa hana Inna zuwa gidan yayanta ba, sai dai in ta dawo ba ya tambayarta yadda ta baro su. Duk layya matar Kawu takan aiko da nama, Inna ta dafa ba ta ce ga inda ya fito ba. Baba ya ci tuwonsa, ya tura naman gefen kwano, ya wanke hannu. Inna ta ɗauke kwanon ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Kullum maganarsa ɗaya ce: "Miƙa hannu ne kawai. Abin da kowa ke yi. Mi za ya rage mishi?" Na daɗe ina bayan Baba, don na ga abin da rashi ya yi wa gidanmu. Daga baya na rasa bayan wa nake. Abin da na sani, mutum biyu masu mutunci sun ƙare shekarunsu suna kauce wa juna a garin da ba shi da faɗin da za a kauce, waɗanda suka haɗa su kuwa ko sunayensu ba mu sani ba. Kawu ya ci gaba da tuƙinsa da zamansa a shinge har idonsa ya raunana, amma bai sake ɗora dabba a motarsa ba, ko kaza.

Ciwon ƙarshe ya kwantar da shi a asibiti a Maraɗi. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya koma sai an tallabe shi. Wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗiyata, har yanzu ina jin tarinsu. Raguna na ƙasan nan." Na ce ko in kira Baba a waya ya faɗa masa haka da bakinsa? Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Ki ce mishi shi zo." Ya ja numfashi da ƙyar ya ƙara da cewa, "Amma ban yi gudu ba." Na rasa kuka zan yi ko dariya.

Na isar da saƙon, rabin farko kawai. Inna ta yi ta roƙon Baba, shi kuma ya yi ta juya abin a ransa, sannan ya shiga motar safe. Ya iso asibiti an riga an ja wa Kawu mayafi. Ya buɗe fuskar ya daɗe yana kallo, ya mayar ya rufe.

Takardun asibiti suka cinye mana safiya. Sai bayan azahar muka samu wata ƙaramar motar haya, aka cire kujerun baya aka kwantar da shi, ni da matarsa muna gefensa, Baba a gaba kusa da direba. An riga an haƙa kabari a Dakoro, jama'a na jira, kuma zafin bazara ba ya raga wa gawa. Direban, wanda ya san Kawu a tasha, ya ce in Allah ya yarda kafin rana ta faɗi za mu isa, ya taka mota. Kawu bai taɓa tafiya a hanyar nan da irin wannan gudun ba.

Aka busa usur.

Wannan karon radar bai yi ƙarya ba, mun yi gudu. Direba ya ce gawa ce a baya. Jandarman ya leƙa, ya cire hula ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya mayar da hularsa, ya karɓi permi ya nufi inuwa. Baba ya sauka ya bi shi. Ina jin su ta taga.

"Mun yi laihi, ba mu musu ba," in ji Baba. "A rubuta resi mu biya."

Ban taɓa zaton zan ji wannan magana daga bakinsa ba.

"Littahin resi na wurin shef, babbanmu, ya shiga gari. Ku jira shi, ko kuma mu gane ma juna."

"Yaushe za ya dawo?"

"Allah masani."

Baba ya dawo ya tsaya jikin mota. Direba ya ce a hankali, "Baba, da mai gawar ga na iya magana, cewa za ya yi mu jira." Matar Kawu ta ce, "Ku yi yadda kunka ga dama, ni dai a suturta mani mijina yau." Baba ya dubi rana, ta fara karkata. Ya leƙo ta taga ya dubi wanda ke kwance, ƙudaje sun fara taruwa ina kore su da bakin gyalena. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa hannu aljihu, ya dunƙule, ya taka zuwa inuwa. Na ga sun gaisa. Ya dawo da permi ya miƙa wa direba, ya shiga ya ja ƙofa. Har muka isa Dakoro fuskarsa na waje.

An yi masa sallah da sauran rana, aka rufe shi kafin magariba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa zaman da ya sha cikin rana ya zame masa inuwa ranar da babu wata. Ragunan kuwa, da shekarun da aka cinye wa mutanen nan biyu, na bar su tsakanin masu usur da Mahaliccinsu. Ni dai ban yafe ba.

Ranar sadakar uku da hantsi, bayan direbobi sun tayar da motocinsu an naɗe tabarmi, Baba ya shigo tsakar gida ya zauna bisa turmi. Inna ta kawo masa ruwa ta durƙusa. Ta miƙa masa kofin, sannan ta tambaye shi.

"Malam, don Allah ka hwaɗa mani hankalina shi kwanta. Ka yahe ma Yaya?"

"Na yahe mishi tun da na buɗe huskarshi."

Inna ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar Laraba, tana ta yi wa Allah godiya. Baba bai ɗago ba.

"Dakata da godiya," in ji shi. "Ga ɗiyarki nan, ta gani. Shekara da shekaru ina cewa miƙa hannu ne kawai. Tau, na miƙa. Shina kwance bayana, ba ya iya hana ni, na miƙa." Ya ƙara da cewa, "Shi ya samu mai yahe mishi. Ni wa za ni roƙa?"